Gani Ya Kori Ji: Hikimar Da Ke Cikin Fim Ɗin "Mother India"

A cikin finafinan Indiya da Kwarori 'yan kasuwa suka riƙa shigowa da su ƙasar Hausa tun daga shekarun 1950, da wuya a sami wanda ya daɗe yana cika gidajen silima kamar wanda a ke kira Mother India, watau Uwa Indiya. An fito da shi a Bombai, birnin da yanzu a ke kira Mumbai, cikin watan Oktoba na 1957. Wani Bature mai binciken al'adu, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano cikin shekarun 1990, ya tarar har a sa'an nan, bayan kusan shekara 40, in an sa fim ɗin gidan silima kan cika, mutane kuma suna bin waƙoƙinsa da baki. Wannan abu ne da ya isa a tsaya a duba. Gama fim ne mai tsawon kusan sa'a uku, labarinsa kuwa bashi ne da yunwa da mutuwa, sa'an nan mafi yawan waɗanda suka riƙa biyan kuɗinsu suna komawa kallonsa ba su jin Indiyanci, ba kuwa wani tafinta a kusa da su. To, me ya riƙe su?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mehboob Khan, wanda ya shirya fim ɗin, ya kuma ba da umarninsa, ya ɗora kowace gaɓa ta labarin bisa wani abin da ido zai gani ya gane: ƙasa, da garma, da munduwa, da ruwa. Da waɗannan ya yi ta jan mai kallo sannu a hankali, har ya kai shi inda zai ga uwa ta harbe ɗan da ta haifa da cikinta, ya kuwa gaskata. Yadda ya yi wannan, da kuma ko hukuncin da ya yanke a ƙarshe ya yi daidai, su ne abin dubawa a nan.

Labarin A Taƙaice

Radha amarya ce da aka kai wani ƙauye na manoma. Uwar mijinta ta ci bashin Rupi 500 a wajen Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, don a yi biki na fita kunya, ta jinginar masa da gona. Tsohuwar ba ta iya karatu ba, yatsa ta dangwala. A saninta kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona za a riƙa ba shi, ashe kashi uku ya rubuta. Da magana ta kai gaban dattawan gari, sai aka bi takarda, aka bar baki. Shamu, mijin Radha, ya tasar wa wani fako mai duwatsu don ya mai da shi gona, sai dutse ya danne masa hannuwa biyu, ya rasa su. Kunyar zama mace na ci da shi, da gorin da Sukhilala ya yi masa, suka sa ya sulale da dare, ba a ƙara ganinsa ba. Uwar miji ta rasu, ambaliya ta cinye gari da abin da aka noma, cikin 'ya'ya huɗu biyu suka saura, Ramu da Birju. Ana cikin yunwar nan Sukhilala ya yi wa Radha tayin abinci a bakin mutuncinta, ta ƙi.

Ramu ya tashi mai haƙuri kamar uwarsa. Birju kuwa ya tashi da ƙullin Sukhilala a zuci, har abin ya kai aka kore shi daga gari, ya zama ɗan fashi. Ranar bikin Rupa, 'yar Sukhilala, ya komo da mutanensa, ya ƙone littattafan bashi, ya kashe mai su, ya ɗauki amarya bisa doki zai gudu da ita. Radha ta hana shi ya ƙi, sai ta ɗaga bindiga ta harbe shi.

Ba a 1957 Mehboob Khan ya fara ba da wannan labari ba. Tun a 1940 ya yi shi da sunan Aurat, watau Mace, cikin hoto baƙi da fari. Bayan shekara 17 ya sake shi da launi, Indiya kuwa ta shekara 10 da samun mulkin kai. Sunan da ya ba shi a karo na biyu martani ne, domin a 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta buga littafi mai suna Mother India, wanda a ciki ta kushe al'adun Indiyawa, musamman zaman matansu. Mehboob ya ɗauki sunan nan da aka yi zagi da shi, ya laƙaba wa macen da ya ke so duniya ta gani.

Farawa Daga Ƙarshe

Dabara ta fari ita ce inda aka buɗe labarin. Abin da a ke fara gani tsohuwa ce tuguf, ta ɗauki ɓurɓushin ƙasa ta kai fuskarta, a bayanta ga motocin noma da injuna suna aiki. An gama haƙa magudanar ruwa ta noman rani, manyan gari sun zo suna roƙonta ta buɗe, don ita suka ɗauka uwar ƙauyen. Aka rataya mata furanni a wuya, ta sunsuna, sai ƙanshin ya mai da ita ranar aurenta. Daga nan duk abin da ya biyo baya tunaninta ne.

Wannan tsari ya ɗauke wa mai kallo wata tambaya, ya ba shi wata. Ya riga ya san matar nan ba za ta mutu ba, ya san kuma za ta tsufa da girma a idon jama'a. Abin da ya rage masa ya sani shi ne nawa ta biya kafin ta kai nan, da kuma dalilin da ya sa a ke girmama ta fuskarta ba walwala. Wanda ya koma kallo na biyu zai lura da abin da bai lura da shi ba da fari, watau ɗa guda ne a tsaye kusa da ita. Labarin da aka gina haka sanin ƙarshensa ba ya rage masa daɗi, sai ma ya ƙara masa nauyi. Ga alama wannan na cikin abin da ya sa mutane suka iya kallonsa sau biyar, sau goma.

Ƙasa Da Garma Da Munduwa

Mai ɗaukar hoton, Faredoon Irani, ya yawaita ajiye kyamara ƙasa ƙasa, yana ɗaga ta sama, har a ga manomi da garmarsa sun tokari sararin samaniya. Launukan da ya fi so su ne ja, da ruwan ƙasa, da ruwan zinariya na hatsin da ya nuna. Sa'ad da gidan ya rasa shanun huɗa, ba a tsaya dogon bayani ba. An nuna Radha ta shiga inda sa ya ke shiga, tana jan garma da ƙirjinta, 'yan yaranta suna tura ta daga baya. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san abin da wannan ke nufi, ko Bakano ne ko mutumin Gujarat. Hoton nan na mace da garma a kafaɗa shi ne aka buga a takardun tallar fim ɗin, shi ne kuma abin da ya fi zama a zukatan mutane.

Bayan ambaliya an nuna ta laka ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ba a bambanta launinta da na ƙasar da ta ke takawa. A haka ta shiga gidan Sukhilala mai tsabta, mai cike da hatsi. Ba sai wani ya ce wa mai kallo matar nan ita ce ƙasar Indiya ba, idonsa ya riga ya faɗa masa. Haka kuma daren da Shamu zai gudu, ya goge ɗigon da ke goshin matarsa tana barci, ɗigon nan kuwa a al'adarsu alamar mai miji ne. Da wannan ɗan motsi ya sallame ta, ba tare da ya ce uffan ba.

Amma mafi hikima duka ita ce munduwa. Bashi lissafi ne, lissafi kuwa ba ya ɗaukuwa a hoto. In da an tsaya ana ta ƙidayar Rupi da mudu, da mai kallo ya gaji. Sai Mehboob ya tattara bashin duka ya zuba shi cikin mundayen auren Radha, waɗanda suka tafi jingina a hannun Sukhilala. Daga nan duk sa'ad da aka nuna hannun Radha babu kome, an nuna bashi. Sa'ad da Birju ya ga mundayen uwarsa a hannun Rupa ya harzuƙa, mai kallo ya san abin da ya harzuƙa shi. Sa'ad da kuma harsashi ya same shi, ya faɗo daga doki, abin da ya fitar yana miƙa wa uwar da ta harbe shi mundayen nan ne, jini ya ɓata su. A nan a ke gane cewa duk fashin da ya yi, da kisan, asalinsu yaro ne da ke son ya ga munduwa ta koma hannun uwarsa.

Ruwa Uku

A Hausa abin da mai ba da bashi ke ɗorawa bisa uwar kuɗi sunansa ruwa. Wannan dacewa ta harshen Hausa ce kawai, amma ta zo daidai da ginin fim ɗin, don ruwa uku ne suka raba shi. Na fari ruwan bashi, wanda ba a ganinsa, amma shi ya cinye gona da shanu da tukwanen tagulla da miji. Na biyu ruwan ambaliya, wanda ya zo a dare ɗaya, aka nuna Radha a tsaye cikinsa ta tallafi katakon da 'ya'yanta ke kai da kafaɗunta. Na uku ruwan magudana, wanda gwamnati ta kawo.

A wajen na ukun nan ne aka yi haɗin hoton da ya fi kowane suna a fim ɗin. Jinin Birju yana zuba a hannun uwarsa, sai hoto ya narke ya koma ranar buɗe magudana, tsohuwa ta ɗaga ƙyaure, ruwa ya kwararo cikin gonaki jawur kamar jini. Haɗa hoto biyu ne kurum, amma ya faɗi abin da doguwar huɗuba ba za ta faɗa ba: yalwar da ƙauyen zai samu an saye ta da ran wani.

Aikin Waƙa Da 'Yan Wasa

Waƙoƙin fim ɗin 12 ne. Naushad ya tsara kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta baitocin, cikin waɗanda suka rera kuwa a bayan fage akwai Lata Mangeshkar, da Shamshad Begum, da Mohammed Rafi, da Manna Dey. A finafinai da yawa waƙa hutu ce, labari kan tsaya sai an gama ta. A nan kuwa waɗansu waƙoƙin aiki su ke yi. Cikinsu a ke shuka, a yi girbi, a haihu, shekaru su wuce, har yaran da aka gani a bayan garma su zama samari. Sa'ad da mutanen ƙauye suka ɗaure kaya za su yi ƙaura bayan ambaliya, da waƙa Radha ta komo da su, sa'an nan aka ɗauko taron daga sama, sai ga shi sun tsaya cikin gona bisa siffar taswirar Indiya. Wanda ya san gangar noma da waƙar gayya ba zai ga baƙon abu ba don manoma sun yi aiki suna waƙa. Abin lura kuma shi ne sunayen Radha da Shamu da Ramu da Birju duk daga labarun addinin Hindu aka ɗauko su, alhali kuwa Mehboob, da Naushad, da Shakeel, da Nargis wadda ta fito a Radha, duk Musulmi ne.

Nargis, wadda sunanta na yanka Fatima Rashid, an haife ta cikin watan Yuni na 1929, watau wata ɗaya da shekara ɗaya da Sunil Dutt wanda ya fito a ɗanta Birju. Tana da shekara 28 sa'ad da fim ɗin ya fito, amma ta ɗauki mace tun daga amarci har tsufa. Furfurar da aka sa mata ba ita ce ta yi aikin ba, don a waɗansu wurare shafe shafen fuskar sun fito fili. Tafiyarta ce ta yi aikin, da yadda kafaɗunta ke ƙara sauka, da yadda muryarta ke ƙara kauri. Ana cikin ɗaukar wurin da aka cinna wa tarin ciyawa wuta don a fito da Birju, wutar ta fi ƙarfin masu ita, ta kewaye Nargis, Sunil Dutt ya faɗa ya fito da ita, shi kuma ya ƙone. Suka yi aure cikin watan Maris na 1958. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka yi wa laƙabi da Ɗan Daba Mai Lasin.

Kanhaiyalal, wanda ya fito a Sukhilala tun a Aurat ya kuma sake fitowa a nan, bai yi mugun da ke zare ido yana tsawa ba. Ya yi shi mai taushin murya, mai fara'a, mai yawan rantsuwa da nuna tausayi, irin wanda kowa ya taɓa gamuwa da shi a bakin kasuwa. Yaron da ya fito a Birju ƙarami kuwa, Sajid Khan, shi aka ba aikin da ya fi kowane wuya, watau ya sa mai kallo ya ƙaunaci Birju tun yana ɗan ƙiriniya mai tare wa uwarsa faɗa. In da ba a shuka ƙaunar nan da wuri ba, da harbin ƙarshe ya zama kisan ɗan fashi kurum.

Hukuncin Uwa

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Radha ta yanke. To, yaya aka yi mai kallo ya yarda? Amsa ita ce an riga an gwada masa ma'auninta tun a gidan Sukhilala. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa da yunwa, ta kai har bakin faɗawa, sa'an nan ta ja da baya ta ƙi sayar da mutuncinta, ta nuna abin da ta ɗora a kan ran ɗa. Daga baya kuma ta ɗauki alkawari cewa Birju ba zai keta mutuncin 'yar gari ba. A lura, ba don ya kashe Sukhilala ta harbe shi ba. Ta harbe shi don ya ɗauki mace da ƙarfi, ko da ya ke macen 'yar maƙiyinta ce. Abin da ta hana uban ya yi mata, shi ta hana ɗanta ya yi wa 'yarsa. Ta wannan fuska ginin labarin ba shi da ɓaraka.

Inda Ya Gaza

Duk da haka akwai abin faɗi. Tsakiyar fim ɗin ta yi tsawo. Wasannin ban dariya, da tsokanar 'yan mata da Birju ke yi yana fasa musu tuluna, an ja su fiye da kima, har labarin ya yi sanyi. A kashi na fari kuma masifu sun yi ta hawan juna ba numfashi, har mai kallo ya kusa daina jin zafinsu. Rupa, wadda saboda ita aka zub da jini, ba a ba ta wani hali na kirki ba, ba a kuma nuna abin da ke zuciyarta ba.

Amma babbar magana tana ga bashin kansa. Radha ta yi shekaru tana auna wa Sukhilala kashi uku cikin huɗu, haƙurinta bai rage ko anini daga cikin Rupi 500 ba. Abin da ya kashe bashin wutar da Birju ya cinna wa littattafai ce. Watau ƙauyen ya ci amfanin laifinsa, sa'an nan ya rataya wa wadda ta kashe shi furanni. Har wa yau cutar da fim ɗin ya nuna tun farko ita ce jahilci da rashin shari'ar gaskiya: tsohuwa ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta karanta ba, dattawa sun bi takarda, Birju ya nemi a nuna masa lissafi ya kasa karantawa. Maganin da aka kawo a ƙarshe kuwa ruwa ne. Zamanin Nehru ne, zamanin manyan madatsun ruwa irin na Hirakud wadda aka buɗe a farkon 1957, fim ɗin kuma ya bi iskar zamaninsa. Amma magudana ba ta karanta wa manomi takarda. In wani Sukhilala ya taso, gonar da ta sami ruwa sai ta ƙara masa kashinsa.

Sai dai za a iya cewa Mehboob bai jahilci wannan ba, shi ya sa ya rina ruwan nan ja. Bakin fim ɗin yana tare da Radha, idonsa kuwa yana tare da Birju, bai kuma ɓoye wannan saɓani ba. Mai kallo kan fito ya yarda uwa ta yi daidai, amma ɗan ya ke yi wa kuka. Da an sasanta abin biyu, an mai da Birju mugu zalla, ko an sa haƙuri ya biya bashi, da hankali ya fi kwanciya, da kuma an daɗe da manta fim ɗin.

A 1958 ya zama fim ɗin Indiya na fari da ya shiga takarar kyautar Oscar ta finafinan ƙasashen waje a Amurka, inda fim ɗin Federico Fellini na Italiya, Nights of Cabiria, ya cinye. A shekarar nan kuma Nargis ta sami kyautar gwanar 'yan wasa mata a bikin finafinai na Karlovy Vary. Tsarin nan na uwa tsakanin ɗa mai bin doka da ɗa mai karya ta ya sake fitowa a finafinai masu yawa, har da Deewaar na 1975 wanda Amitabh Bachchan ya fito a ciki. Mehboob ya rasu a 1964, Nargis a 1981.

Tun daga 1990 aka shiga yin finafinai da Hausa a Kano, an kuwa ari abubuwa da dama daga Indiya, musamman waƙa da rawa, waɗanda su ne masu sauƙin ara. Abin da ya fi cancanta a koya daga Mother India yana da wuya, amma gwada shi ba wuya. Mai shirya fim ya rufe sautin fim ɗinsa, ya zaunar da wanda bai san labarin ba ya kalla. In ya tashi ya iya faɗin wa a ke bi bashi, me aka ƙwace, wa ya yi haƙuri, wa tura ta kai shi bango, to, an yi fim. In kuwa bai iya ba, magana aka ɗauka a hoto, aikin da sauransa.